Ɗigo Shuɗi a Lima

A bas ɗin da ke gangarowa daga Comas
aka raba ni da ita.
Ban ji hannu ba, sai dai sakayau ɗin aljihu,
irin abin da harshe ke tararwa
a gurbin haƙorin da aka cire.

Wilmer, ɗan ƙanena, ya ture almakashi da alli gefe,
ya buɗe kwamfuta kan teburin yankan yadi.
"Goggo Zenaida, kwantar da hankalinki,
tun bara na sa mata manhajar bin sawun ɓarawo."

Sai ga Lima a shimfiɗe kamar yadin da ba a taɓa ba,
ga ɗigo shuɗi yana rarrafe a kai.
Ya tsallake kogin Rímac.
Ya tsaya minti tara a wata kwana.
Na ce: ɓarawona abinci yake ci,
ni kuwa ko ruwa ban sa a baki ba.

Daga nan ya shige kasuwa ya zauna daram.
Hawa huɗu, shago fiye da ɗari bakwai,
wayoyi jere cikin gilashi
kamar kifi a kan ƙanƙara.

Sajan Ocampo ya dubi allon, ya dube ni.
"Uwargida, faɗin ɗigon nan taku hamsin ne.
Bai san bene ba, bai san ƙasa ba.
Wace ƙofa zan ɓalle?
Alƙali ba ya sa hannu saboda ɗigo."
Ya buga mini hatimi a takarda,
na ninke ta huɗu, na sa inda wayar take zama.

Muka je da ƙafafunmu.
Wilmer ya danna mata ƙararrawa,
muka kasa kunne tsakanin rediyo goma,
da mai tallar dafaffiyar masara,
da wayoyin mutane dubu masu kuka iri ɗaya.
Wani saurayi da sukundireba a bayan kunne
ya yi mini murmushi: "Gyara ne, Mama?"
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ƙarfe huɗu da minti sha biyu
ɗigon ya koma ruwan toka.
An kashe ta, ko an zare layin,
ko an riga an buɗe cikinta.

"Saura abu ɗaya, Goggo: a goge komai,
kafin su kai ga asusun banki.
Shi ma ba za ta ji umarnin ba sai an kunna ta."

Komai?
Awon ƙugun mata arba'in yana ciki,
wannan zan sake aunawa.
Amma akwai daƙiƙa arba'in da ɗaya
na muryar mahaifina Eleuterio daga Ayacucho,
yana tambaya ko na sayi man zafin gwiwa,
ya yi tari, zakara ya katse shi,
ya ce to, sai an jima.
Ba a jima ba. Mun binne shi da damina.
Ma'ajiyar intanet ta cika tun lokacin,
na yi ta cewa wata mai zuwa zan biya.

Ban goge ba. Na kulle ta, na rubuta a fuskarta:
Riƙe wayar. Turo mini muryar tsohon.
Na sa lambar maƙwabciyata Gregoria.

An ce kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.
Tawa ranar na ƙarar da ita wajen kallon taswira.

Wataƙila gilashinta yana hannun wata yanzu,
batirin yana Callao, sauran a bola.
Duk da haka, in na rufe keken ɗinki da dare
nakan buɗe allon.
Gani na ƙarshe: kwana sha tara da suka wuce.
Maɓallin gogewa yana nan, ja wur.
Nakan ƙwanƙwasa katanga in tambayi Gregoria,
ta ce babu wanda ya kira,
je ki kwanta.